Kurkumin a cikin aseton da etanol: me ya sa ƙyallinsa ya rabu?

Habsatu:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a duba mini wata matsala a aikin memuwar. Na ciro kurkumin, wato rinin nan rawaya, daga kurkur, na narkar da shi a solban, wato ruwan narkarwa, guda shida: hegzan, toluwen, kuloroform, aseton, etanol da metanol. A sipektoro, na'urar auna shan haske, inda yake shan haske bai gusa sosai ba, duka yana tsakanin 410 da 430 nm. Amma ƙyallin fuloresans, wato hasken da yake saki in an haska shi, ya yi tafiya mai nisa: a toluwen ƙasa da 500 nm, a aseton wajen 510, a etanol wajen 550. Da na zana tazarar Stokes (tazarar da ke tsakanin inda yake shan haske da inda yake ƙyalli) a kan Δf, ma'aunin solban a lissafin Lippert da Mataga, etanol da metanol sun haye sama sun bar layi. Me ya sa ƙyalli ke gusawa fiye da shan haske? Kuma alkol ɗin nan biyu in cire su daga zanen ko in bar su? A cikin ruwa kuwa kusan babu ƙyalli sam.

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki cire ko ɗigo ɗaya, domin ɗigon nan biyu da suka bar layi su ne suka fi sauran magana.

Tambayarki ta farko amsarta tana cikin lokaci. Molekil yana shan haske cikin kusan 10⁻¹⁵ na sakan. A wannan ɗan taƙi elektoron ne kawai ke sauya wuri, molekil ɗin solban da ke kewaye da rinin suna nan yadda suka jeru tun yana matsayin ƙasa, wato kafin ya sha haske. Shi ya sa sipektar shan haske ba ta cika jin solban ba, sai in rinin yana da babban dipol, wato caji a rabe tsakanin ɓangarorinsa, tun a ƙasa. Da rinin ya hau matsayin sama, cajin da ke jikinsa ya sake rabuwa, dipol ɗinsa ya ƙaru. Yana zama a can kamar 10⁻¹⁰ zuwa 10⁻⁸ na sakan kafin ya saki haske, solban mai ruwa-ruwa kuma yana juyawa ya sake jeri cikin 10⁻¹² zuwa 10⁻¹¹. Ke nan ya samu isasshen lokacin da zai daidaita da sabon dipol, ya sauke makamashin matsayin sama. Hasken da zai fito ya rage makamashi, sai ya karkata wajen ja. Iya ƙarfin polariten solban, wato yadda caji ya rabu a molekil ɗinsa, iya nisan karkatar.

Tambaya ta biyu, ki yi lissafin da kanki ki gani. Δf shi ne (ε−1)/(2ε+1) a debe (n²−1)/(2n²+1), inda ε ke nuna yadda solban ke rage jan caji, n kuma yadda yake lanƙwasa haske. Aseton yana da ε 20.7 da n 1.359, Δf ɗinsa 0.284. Etanol yana da ε 24.5 da n 1.361, Δf ɗinsa 0.289. A idon wannan lissafi su biyun abu guda ne. Amma ki mai da alƙalumanki zuwa cm⁻¹, wato ki raba 10⁷ da tsawon zangon. A aseton 420 nm ya ba da 23810, 510 ya ba da 19608, tazara 4200. A etanol in muka ɗauki 428 da 550, 23364 ne da 18182, tazara kusan 5200. Bambancin 1000 cm⁻¹ tsakanin solban biyu masu Δf iri ɗaya ba zai fito daga ε da n ba. Etanol yana da OH, yana ɗaure oksijen ɗin da ke tsakiyar kurkumin da ɗaurin idrojen, aseton kuwa ba shi da idrojen da zai bayar. Lissafin Lippert ya ɗauki solban a matsayin fili ɗaya shimfiɗaɗɗe, bai san wannan ɗauri ba. Ki ja layinki ta solban marasa OH, ki nuna alkol da wata alama daban, ki bayyana dalili.

Hajiya Ramatu:
Malam, bayaninka daidai ne, amma ni ba zan bari ta rubuta "ɗaurin idrojen" ba sai ta faɗa mana yadda ta haɗa samfurin. Habsatu, a wane solban kika yi uwar narki, wato narkin farko mai ƙarfi da ake ɗiba daga gare shi? Mikrolita nawa kika ɗiba zuwa kowace kubet, ɗan mazubin da ake sa wa na'ura? Absorbans, wato A, ma'aunin hasken da samfurin ya sha, nawa ne a zangon da kika haska? Etanol ɗin kuma na wace kwalba ne?

Habsatu:
Hajiya, uwar narkin a etanol take, 1 mM. Nakan ɗibi mikrolita 30 in zuba a mililita 3 na kowane solban. Absorbans wajen 0.5 zuwa 0.6. Etanol ɗin na 96° ne.

Hajiya Ramatu:
To ga abu uku a nan, kowanne yana iya karkata layin.

Mikrolita 30 cikin mililita 3 kashi 1 cikin 100 ne. Ga ido kaɗan ne, amma etanol tsantsa 17 mol ne a lita, don haka kin zuba 0.17 M na etanol a cikin hegzan da toluwen, alhali rinin naki 10 µM ne. Kowane molekil na kurkumin yana da etanol dubu 17. Kuma etanol ba ya watsuwa daidai a hegzan, taruwa yake a jikin rinin, wajen OH da C=O. Abin da kika auna da sunan hegzan, kurkumin ne sanye da rigar etanol yana iyo a cikin hegzan. Ɗigonki na ƙasan layi sun ɗaga sama, gangaren layin ya ragu.

Gyaransa mai sauƙi ne. Ki yi uwar narki a aseton: miligram 3.7 a fiyol ta mililita 10 shi ne 1 mM, tun da nauyin kurkumin 368 ne. Ki ɗiga abin da kike buƙata a ƙasan busasshen tib na gilashi, ki bar aseton ya tashi a cikin duhu har sai ɗan tabo rawaya ya rage, sannan ki zuba solban ɗin da za ki auna, ki rufe ki girgiza. A hegzan kurkumin ba ya narkewa sosai, ki ba shi lokaci, ki tsiyaye na sama, ki bar sipektoro ya faɗa miki nawa ya shiga.

Na biyu absorbans. Don zana sipektar shan haske 0.5 yana da kyau. Don ƙyalli ya yi yawa ƙwarai. Na'urar tana kallon tsakiyar kubet, rabin santimita daga bango. In A ya kai 0.1, hasken da ke isa tsakiya ya riga ya ragu da kashi 11 cikin 100. In ya kai 0.5, kusan kashi 44 sun tafi. Ba ƙarfi kaɗai ke raguwa ba: gefen shuɗi na ƙyallin yana haɗuwa da jelar shan haske, rinin ya sake shanye shi kafin ya fito, sai ƙololuwar ta bayyana kamar ta matsa wajen ja. Wannan ya fi muni a hegzan da toluwen inda tazarar Stokes take ƙarama. Ki tsarma sau goma, ki koma 1 µM, A ya zauna wajen 0.05.

Na uku, 96° yana ɗauke da ruwa kusan kashi 4, kuma tacewa da wuta ba ta fitar da shi. Ko dai ki nemi etanol absoli, ko ki busar da shi da tami molekiler, ƴan ƙwayoyin da ke tsotse ruwa, mai 3 Å da aka gasa wajen 300 °C, ya kwana biyu a rufe. In babu, ki rubuta 96° a teburinki ɓaro-ɓaro, kada ki sa masa ε na tsantsa.

Malam Isuhu:
Duk na yarda, Hajiya. Sai dai in ƙara: bayan ta gyara ukun nan alkol ba za su dawo kan layi ba, sai ma tazararsu da layin ta fito fili, domin ɗigon hegzan da toluwen za su sauka inda ya dace. Gurɓatar ta ɓoye ɗaurin idrojen ne, ba ita ta haife shi ba.

Hajiya Ramatu:
Haka nake zato ni ma. Amma juri zai tambaye ta shaida, shaidar kuwa gwaji ne. Ta ɗauki kurkumin a toluwen tsantsa, ta riƙa ƙara etanol kaɗan-kaɗan: kashi 0.2, 0.5, 1, 2, 5, tana zana ƙyalli kowane mataki. A kashi 1 ko 2, ε na gaurayen bai motsa wani abin kirki ba. In ƙyallin ya riga ya gusa sosai kuma ƙananan tsaunukan da ake gani a toluwen sun baje sun zama tudu ɗaya, to aikin molekil da molekil ne, ba na polariten fili ba. Mililita ashirin na toluwen sun ishe ta.

Dokta Zainabu:
In sa baki ta fannin kwalabe. Kuloroform na kasuwanci ba tsantsa ba ne, ana saka masa abin da zai hana shi lalacewa: ko etanol kashi 0.5 zuwa 1, ko amilen. Ki karanta takardar jikin kwalba. In mai etanol ne, matsalar da Hajiya ta faɗa tana cikin kwalbar tun daga masana'anta. Tsohon kuloroform da ya sha haske da iska kuma yana sakin asid kuloridirik da fosjen. Fosjen guba ce, asid ɗin kuma yana manna proton a rini mai azot, irin su rodamin da ruj na Nil, launi ya sauya a ɗauka aikin solban ne. Ki girgiza mililita ɗaya da ruwan distile, ki tsoma takardar pH a ruwan. In ya nuna tsami, kwalbar ta tashi daga aiki.

Alkol ɗin farmasi na 70° ko wanda aka gurɓata don kada a sha, ba ya shiga wannan aiki ko kusa. Wasu ma da launi suke zuwa. Solban DMSO kuma yana zuƙar ruwa daga iska, da damina in aka bar shi a buɗe yana sauyawa cikin sa'o'i.

Zafin Damagaram shi ma yana cikin lissafi. A watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 °C. Dikulorometan yana tafasa a 40, aseton a 56, metanol a 65, hegzan a 69. Kubet marar murfi tana rasa solban kina kallo, absorbans ya riƙa hawa tsakanin awo da awo. Murfin teflon dole ne. In kuran ya ɗauke kilim ya tsaya, ki dakata da awo har ɗakin ya koma daidai, kuma ki ba fitilar na'urar minti 30 ta daidaita bayan an kunna. Toluwen, kuloroform da metanol a ƙarƙashin hot, rumfar da ke zuƙe tururi, ake zuba su, ba a kan teburi da taga a rufe ba.

Lawali:
Malam Isuhu, ina da tambaya daga ɓangaren labo na asibiti. Oramin da muke rina majina da shi don neman ƙwayar tarin fuka, a kwalba cikin ruwa kusan ba ya ƙyalli, amma a jikin ƙwayar a ƙarƙashin mikroskop mai LED yana haske rawaya tar. Shi ma polarite ne? Don jikin ƙwayar kitse ne.

Malam Isuhu:
Tambaya mai kyau, ɗan'uwa, kuma tana da amfani ga Habsatu, don ta ga ba kowane sauyi ake jingina wa polarite ba. Na oramin galibi danƙo ne. Molekil ɗin yana da zobe biyu da ke iya murɗawa a kan karbon ɗin da ya haɗa su. Da ya hau matsayin sama, a cikin ruwa zoben suna murɗawa cikin ƴan pikosakan, makamashin ya zube ya zama zafi, haske bai samu fita ba. In aka hana murɗawar, ƙyalli ya bayyana. Jikin ƙwayar yana riƙe shi ƙam. Za ka tabbatar da kanka: ɗigo ɗaya a ruwa, ɗigo ɗaya a giliserin, ka haska da fitila shuɗiya. Giliserin yana da OH uku, ε ɗinsa ya wuce 40, ba za a ce masa maras polarite ba, amma a cikinsa oramin zai haska. Biyole na jansiyan da ber malakit haka suke, su zobe uku gare su.

Kuma a nan zafi yana shiga da ƙarfi. Danƙon giliserin wajen 1400 mPa·s ne a 20 °C, a 40 °C ya sauko wajen 280, wato sau biyar. Wanda ya auna da safe a hunturu da wanda ya auna da azahar a bazara ba za su taɓa samun lamba ɗaya ba. Rodamin B ma yana da wannan hali saboda rukunin dietilamino da ke juyawa: a ruwa ƙyallinsa yana raguwa wajen kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. Don haka bai dace a riƙe shi ma'auni a ɗakin da ba a tsare zafinsa ba. Rodamin 6G ya fi shi natsuwa, randimansa, wato kason hasken da ya sha da yake mayarwa ƙyalli, a etanol 0.95 ne.

Wanda yake amsa polarite da gaske a cikin kitse shi ne ruj na Nil. A hegzan ƙyallinsa kore-rawaya ne wajen 525 nm, a etanol ja ne sama da 630, a ruwa kusan ya mutu. Shi ya sa ake neman ɗigon kitse a cikin sel da shi.

Malam Mamman Sani:
Ni a lise nake koyarwa, ba mu da fuloromita, amma ana iya nuna wa yara rabin wannan magana da fitilar duba takardar kuɗi. A jiƙa garin kurkur a aseton da kuma etanol, a tace, a tsarma har rawayan ya yi fari-fari, a kashe wuta a haska: na aseton kore ne, na etanol ya karkata rawaya. Ganyen zogale da aka daka a aseton kuwa kore ne a rana, a ƙarƙashin fitilar ya koma ja jawur, kulorofil ke nan yana saki wajen 670 nm. A riƙa ƙara masa ruwa, jan ya dushe, domin kulorofil ɗin ya dunƙule. A gargaɗi yara kada su kalli fitilar kai tsaye.

Abin da nake so a fayyace mini shi ne zoɓo. In aka jefa kanwa a ruwan zoɓo ya bar ja ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Wasu ɗalibai suna kawo wannan a matsayin misalin tasirin solban. Ni ina ce musu a'a.

Malam Isuhu:
Kana da gaskiya, Malam. A can molekil ɗin ne da kansa ya sauya. Antosiyanin na zoɓo a pH 1 yana siffar flabiliyom mai caji, ja, yana shan haske wajen 520 nm. A pH 4.5 ruwa ya kama shi, mafi yawansa ya zama marar launi. In kanwa ta ɗaga pH sama da 7, ya zubar da proton ya zama wata siffa mai shuɗi, in ya jima ma ya lalace. Abu uku ne daban-daban, kowanne da sipektarsa. Tasirin solban na gaskiya a zoɓo ƙarami ne: ka tsare asid ɗin daidai, ka sauya ruwa da metanol ko etanol, ƙololuwar ta matsa wajen ja da nm 10 zuwa 20.

Marina ma haka. Ruwan baba a cikin rijiyar rini rawaya-kore ne, zane ya fito ya sha iska ya zama shuɗi. Wannan oksijen ne ya mai da siffar da ke narkewa zuwa indigo, ba solban ba. Amma indigo yana da nasa tasirin solban da aka auna: a matsayin tururi yana shan haske wajen 540 nm, a kuloroform wajen 600, a DMSO wajen 620, a daskare kuma sama da 650 saboda molekil suna ɗaure juna da idrojen. Kuma kusan ba ya ƙyalli: da ya sha haske proton yana tsallakawa daga NH zuwa C=O cikin jikinsa, makamashin ya zube nan take. Wannan saurin zubarwar yana cikin dalilan da suka sa shuni yake jure rana.

Kurkumin ɗin Habsatu yana da kusan irin wannan a tsakiyarsa: siffar enol mai ɗaurin idrojen na ciki. A hegzan ɗaurin yana nan a rufe. A alkol solban yana takara da shi. Ko ta wace hanya akwai ƙofar zubar da makamashi, shi ya sa randimansa ƙarami ne ko a solban da ya fi haskawa, a metanol kuma ya faɗi ƙasa sosai.

Habsatu:
Na gode Malam. To na ruwa fa? Shi ma ɗaurin idrojen ne ya kashe ƙyallin?

Hajiya Ramatu:
Yana ciki, amma kafin shi, kurkumin ba ya narkewa a ruwa. Abin da kike gani rawaya ƙananan dunƙule ne suna yawo. Alamarsa a sipektoro: ƙololuwa ta yi faɗi ta yi ƙasa, kuma gindin sipektar ya ɗaga har a 700 nm inda rinin ba ya shan komai, domin dunƙulen suna watsa haske. Rini da ya dunƙule yawanci ba ya ƙyalli. Sannan a pH 7 zuwa sama yana lalacewa cikin mintuna, sama da 8 ya koma ja. Kada ki sa ruwa a zanen Lippert, ki ba shi sakin layi nasa.

Ki lura da wannan ɗagawar gindi ko a sauran solban. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma a fuloromita ƙwayar ƙura ɗaya da ta gifta tana ba da tsini. Filtar sirinji ta 0.45 µm mai PTFE tana maganinsa. Kada ki ɗauki ta nailan, tana riƙe rini.

Lawali:
Dunƙulewar nan muna ganinta a bulo na metilen. In ya yi tsarma a ruwa ƙololuwarsa 664 nm ce da ƴar kafaɗa wajen 610. In aka ƙara ƙarfinsa kafaɗar tana girma, domin molekil suna manne bibbiyu, layin Beer da Lambert ya lanƙwashe. A zuba etanol kaɗan, kafaɗar ta koma. Yana kuma manne wa gilashi, kubet ɗin da ba a ɗauraye da alkol mai ɗan asid ba tana ɗaukar shuɗi zuwa samfuri na gaba.

Habsatu, wace irin kubet kike amfani da ita? Ta roba ba ta jure aseton, toluwen ko kuloroform, tana yin hazo cikin sakan, abin da ya narke daga jikinta kuma ya shiga samfurin. Ta gilashi tana tare haske ƙasa da 340 nm, amma tun da ke a 420 kike aiki za ta yi. Don ƙyalli dole mai fuska huɗu masu haske.

Dokta Zainabu:
Solban ma yana da iyakarsa a ƙasa. Aseton yana rufe hanya daga 330 nm, toluwen daga wajen 285, DMSO 268, kuloroform 245, etanol 210. Ƙaramar ƙololuwar kurkumin ta wajen 260 ba za ki gan ta a aseton ko toluwen ba, abin da na'urar za ta zana a can hayaniya ce. Kowane solban da nasa bulan, wato awon solban zalla ba rini, daga kwalba ɗaya, a kubet ɗaya.

Wani abu: kin tsarkake abin da kika ciro? Kurkur yana ba da kurkuminoyid uku, kurkumin da ƴan'uwansa biyu da suka rasa metoksi ɗaya ko biyu, kuma ƙololuwarsu ta bambanta da ƴan nm. Kowane solban yana narkar da su a kaso daban, musamman hegzan. Ki ɗiga a farantin silis, ki hau da shi da dikulorometan da metanol 95 da 5, in kin ga tabo uku to gauraye ne, ki rubuta "kurkuminoyid" ko ki raba su a kolon. Kuma saiwar za ki sayo a kasuwa ki daka da kanki, gari ba a san abin da aka haɗa masa ba. Tib duka a naɗe da takardar alminiyam, kurkumin da ke narke yana lalacewa da haske.

Malam Mamman Sani:
Malam Isuhu, tun da Δf ba ya raba aseton da etanol, babu wani ma'aunin da ke raba su?

Malam Isuhu:
Akwai, kuma shi zan so Habsatu ta ƙara a zane na biyu: ET(30). Dimroth da Reichardt suka fito da shi a Marburg ta Jamus a 1963. Maimakon lissafi daga ε da n, sun ɗauki wani rini, betayin mai lamba 30, suka bar shi ya auna solban da kansa. ET(30) shi ne 28591 a raba da ƙololuwar shan haskensa a nm, a kcal/mol. Toluwen 33.9, kuloroform 39.1, aseton 42.2, etanol 51.9, metanol 55.4, ruwa 63.1. Ga aseton da etanol sun rabu da kusan 10, domin rinin yana da oksijen mai caji da ke karɓar ɗaurin idrojen. In ɗigonta duka suka kusanci layi ɗaya a kan ET(30) alhali sun rabu biyu a kan Δf, wannan hujja ce ta biyu bayan gwajin Hajiya.

Rinin nan yana tafiya ne akasin kurkumin. Shi a matsayin ƙasa yake da babban dipol, caji a rabe, in ya sha haske dipol ɗin ya ragu. Solban mai polarite yana sauke matsayin ƙasa, tazarar ta ƙaru, shan hasken ya koma wajen shuɗi: 810 nm a difenil eter, 453 a ruwa. Ja ne a metanol, shunayya a etanol, kore a aseton. Saboda haka kada ɗalibi ya haddace cewa polarite kullum ja yake kaiwa. Aseton kansa, ƙaramar ƙololuwarsa ta n zuwa π* tana 279 nm a hegzan, 265 a ruwa.

Gargaɗi ɗaya kan fitar da Δμ, wato ƙaruwar dipol tsakanin matsayin ƙasa da na sama, daga gangaren layin Lippert. Lissafin yana buƙatar radiyon ramin da molekil ke zaune, a, kuma a³ ne ke shiga. Kuskuren kashi 10 a kan a yana zama 33 a kan a³, ya zama 15 a kan Δμ. Lissafin ya ɗauka molekil ƙwallo ne, kurkumin kuwa dogo ne mai kai biyu iri ɗaya. Ki ba da lambar, ki faɗi a ɗin da kika ɗauka da inda kika samo shi, kada ki rubuta ta da lamba biyu bayan ɗigo. Toluwen ma zai ɗan hau saman layi, Δf ɗinsa 0.013 ne amma zobensa yana mu'amala da rini fiye da yadda lambar ta nuna. Siklohegzan ya fi shi dacewa da gindin layi.

Habsatu:
Allah ya saka da alheri. Saura randiman. Sulfat na kinin muke da shi a matsayin ma'auni. Kuma a hegzan ina ganin wani siririn tsini wajen 480 nm in na haska a 420, ban san ko na rinin ba ne.

Hajiya Ramatu:
Kinin a 350 nm ake haska shi, yana saki a 450, randimansa 0.546 a asid silfirik 0.5 M. Kada a narkar da shi a asid kuloridirik ko ruwan da ke da gishiri, kulorir yana kashe ƙyallinsa. Amma ya yi nisa da rininki. In akwai fuloresen, ki narkar da shi a sud 0.1 M sabon haɗi, randimansa wajen 0.92, yana saki wajen 515 nm kusa da inda kurkumin ke saki, ki haska su biyun a 450 da kafar haske iri ɗaya. Ki yi tsarma huɗu ko biyar ga kowanne, A daga 0.02 zuwa 0.1, ki zana faɗin ƙarƙashin sipektar a kan A, ki raba gangaren biyu. Sai ki ninka da randiman fuloresen, sannan da n² na solban ɗinki a raba da n² na ruwa. A etanol gyaran kashi 4 ne, a toluwen kashi 26, wanda ya manta shi a can ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na amsarsa. Ki duba kuma ko na'urar tana gyara sipektar da kanta, domin idonta ba ya ganin ja da kore da ƙarfi ɗaya.

Tsinin 480 kuwa Raman ne na solban, wato hasken da solban ya watsa bayan ya rage masa makamashi. Haɗin C–H yana cire kusan 2900 cm⁻¹ daga hasken da kika aika: 23810 a debe 2900 ya ba da 20910, wato 478 nm. Ki matsar da haskawa zuwa 430, tsinin zai koma wajen 491, ƙyallin rini kuwa yana nan inda yake. Zai fi fitowa yanzu da za ki sauko 1 µM, don haka ki zana bulan na kowane solban da saitin da kika auna samfurin, ki debe shi kafin ki karanta ƙololuwa.